Babi na Shida: Binne da Gyauro

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Dambatta, inda gona ke jingine da gona, ba daji sai kuka da ɗorawa da gawo a tsattsaye cikin kunyoyi, akwai wata gardama da ba ta mutuwa a gidan kallo. Daren da babu ƙwallo, mai gidan yakan saka resilin. Janareta na kuka a bayan zana, yara sun cika bencin gaba, samari na tsaye a baya. Ƙato ya ɗaga ƙato ya maka shi a kan tebur, teburin ya dare gida biyu. Nan take sai ka ji wani ya ce, "Wallahi shiri ne." Na kusa da shi ya waiwayo: "Shiri? To zo a maka ka haka mu gani."

Kowannensu yana da gaskiyarsa. Faɗuwar ta gaske ce, karayar ƙashi ma ta gaske ce, amma wanda zai ci da wanda za a kayar, an gama yanke wannan tun kafin a buga ƙararrawa. Kamfanin WWF, wanda yanzu ake kira WWE, ya amsa haka da bakinsa a gaban majalisar jihar New Jersey ta Amurka a 1989, lokacin da yake neman a cire shi daga ƙarƙashin hukumar da ke sa ido a kan wasannin gasa. Ya ce abin da yake yi nishaɗi ne. Saboda haka gardamar gidan kallo ta daɗe da samun amsa. Tambayar da ta rage, wadda kuma ita ce ke raba kamfanin da ya ɗore da wanda ya rushe, ita ce: yaushe aka rubuta labarin? Shekara guda kafin a yi wasan, ko da la'asar ɗin ranar?

Manomin wannan yanki ya san bambancin fiye da kowa, domin yana da suna ga kowanne. Akwai binne: mutum ya shiga gona tun ƙasa na busasshiya, sama ba ko gajimare, ya sare rami ya zuba irin gero ya rufe, ya koma gida ya jira. Ya ba da iri ga ruwan da bai gani ba. Akwai kuma gyauro: ƙwayar da ta zube a bara wajen girbi, ba wanda ya shuka ta, ruwan fari na sauka sai ga ta ta tsiro a gefen kunya, wani lokaci ma ta fi shukar ƙarfi. Masu tsara labarin resilin, su ma tsakanin waɗannan biyun suke kai-komo.

Binnen da aka fi ba da misali da shi ya faro ne a watan Oktoba na 1987, ranar da Hulk Hogan da Randy Savage suka yi musabaha a gaban jama'a suka zama abokai. A watan Maris na 1988, a babban taron shekara na WWF da ake kira WrestleMania, karo na huɗu, a garin Atlantic City, Savage ya ci kambu da taimakon Hogan. Mai kallo a ranar ba abin da ya gani sai murna. Amma an riga an binne iri. Akwai mace a tsakaninsu, Elizabeth, mai rakiyar Savage. Wata bayan wata, sai a nuna Hogan ya ɗaga ta sama don farin ciki, kyamara ta ɗan tsaya a fuskar Savage na ƙiftawar ido, sannan ta wuce. Sai a watan Fabrairu na 1989, a tsakiyar wani wasa, Elizabeth ta faɗi, Hogan ya ɗauke ta ya kai ta ɗakin magani ya bar abokinsa shi kaɗai a hannun ƙarti biyu. Da ya dawo, Savage ya sharara masa mari. A ranar 2 ga Afrilu, 1989, a wannan zaure dai na Atlantic City inda aka yi murna bara, su biyun suka kara, Hogan ya karɓe kambun.

Abin da ya sa labarin ya kama mutane shi ne duk wanda ya waiwaya baya zai ga alamun suna nan tun farko. Kuma kishin Savage ba kishin banza ba ne. Mai kallo zai iya cewa a ransa, ai ko ni ne sai na ji haushi. Irin wannan ba ya yiwuwa da la'asar ɗaya. Sai an bar kallo ɗaya na ƙiftawar ido ya kwana wata huɗu a ƙasa.

Sai dai binne ba ya ba da tabbacin girbi. Kamfanin WCW, wanda ya yi gogayya da WWF a shekarun 1990, shi ma ya yi nasa dogon binnen. A watan Yuli na 1996 Hogan, wanda ya koma can, ya juya ya zama mugu, abin da masu kallon fim ɗin Indiya a nan za su kira bos. Jarumin kamfanin, Sting, sai ya daina magana, ya daina wasa. Ya shafe fuskarsa da fari da baƙi, ya riƙa tsayawa can sama a rufin zaure yana kallon ƙasa. Fiye da shekara guda haka. Mutum bai ce uffan ba, amma duk Litinin dubban mutane na ɗaga kai suna neman inda yake. Da ranar ta zo, 28 ga Disamba, 1997, a birnin Washinton, sai aka ɓata ta. Abin da aka tsara shi ne alƙalin wasa ya yi wa Sting ƙirgen ha'inci da sauri, a soke, a sake. Alƙalin kuwa ya ƙirga daidai, ɗaya, biyu, uku, kamar kowane wasa. Kowa ya ga Hogan ya kayar da jarumi ba cuta. Aka sake wasan, Sting ya ci, amma daɗin ya riga ya tafi. An yi noman firi, an yi maimai, amfani ya nuna, ranar yanka aka saki shanu a ciki.

Wannan kamfani shi ne kuma ya nuna wa duniya ƙarshen wanda ya watsar da shiri gaba ɗaya. A shekarar 2000 marubutansa suka ɗauka cewa abin da ke riƙe mai kallo shi ne mamaki, don haka kowane mako sai an juya. Aboki ya ci amanar aboki yau, su shirya jibi, ba a ce ga dalili ba. Kambun duniya ya sauya hannu kusan sau ashirin a shekara ɗaya. A watan Afrilu aka ba wa wani ɗan fim, David Arquette, don a tallata fim ɗin da ya fito a ciki. A watan Satumba babban marubucin, Vince Russo, ya rubuta wa kansa nasara ya ɗauki kambun. Abin takaici ne, domin a bayan kowane irin wannan dare akwai mutanen da suka karya wuya da gwiwa shekara da shekaru don kambun ya zama abin nema. A watan Maris na 2001 aka sayar da WCW ga abokin gabansa.

A nan ya kamata a dawo gida, domin ƙasar Hausa tana da nata fagen, kuma ta warware wannan matsala ta wata hanya dabam.

Da kaka, an kai dami gida, kara ya kwanta a gona, fili ya samu, lokacin dambe da kokawa ke nan. Damben tun asali sana'ar mahauta ce, kiɗansu kalangu. Ɗan dambe ya naɗe hannu ɗaya da ƙyalle ya ɗaure da zare, ɗayan ya miƙa gaba yana karewa. Turmi uku ake yi. Wanda ya kai ƙasa an kashe shi, in ba wanda ya faɗi a ce babu kisa, a raba su. A wannan fage ba wanda ya isa ya rubuta sakamako, kuma babu zargin da ya fi zafi ga ɗan wasa kamar a ce ya sayar da dambe. Komai na iya faruwa. Yaron da ba a san sunansa ba zai iya buge gwarzon da aka zo kallo tun turmin farko, kafin masu shigowa su gama biyan kuɗin ƙofa.

In haka ne, sai a zaci dambe ba shi da labari, wasa ne kawai bayan wasa. Amma duk wanda ya taɓa zama a gidan dambe, ko na Sabon Gari a Kano ko na Dei-Dei a Abuja, ya san labari ne tun daga ƙofa. An raba 'yan wasa ɓangarori, Arewa da Kudu da Guramada, kuma wannan rabo ya girmi waɗanda ke sa zare a yau. Sunayen ma kansu tarihi ne. Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane: yaro na shigowa fage da sunan maigidansa a wuya, da bashin maigidan, da abokan gabansa. In ya buge wani, ba shi kaɗai ya buge ba. Ya rama kisan da aka yi wa gidansu shekara biyar da suka wuce, kuma akwai dattijo a bakin fili da zai tashi ya faɗi ranar da garin da aka yi shi.

Wa ke riƙe da wannan zare? Makaɗi. Aikin da kamfanin Amurka ke biyan ɗaki guda na marubuta su yi, shi makaɗin dambe ke yi da kalangu a hammata, sai dai shi daga baya yake rubutawa. Ya jira abin ya faru, sannan ya ɗaure shi da wanda ya faru a baya, ya ba shi ma'ana. Mutane da yawa da ba su taɓa ganin Shago a fage ba, ba su san ko tsawonsa ba, suna iya ba da labarin gabarsa da Ɗandunawa kamar a gabansu aka yi, saboda makaɗi Ɗan'anace ya waƙe shi. Ba Ɗan'anace ne ya shirya damben ba. Shi ya hana shi ɓacewa.

Kokawar Nijar ta ƙara wa wannan tsari kalanda. Tun 1975, da aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ake zagayawa da ita jiha jiha. Jihohi takwas, kowacce da 'yan kokawa goma. Kowa ya san za a haɗu baɗi, ya san a wane gari, ya san wa ke riƙe da takobi, amma ba wanda ya san wa zai taɓa ƙasa. Da Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen Disamba na 2023, tambayar da ke bakin masu sauraron rediyo daga Damagaram har Daura ɗaya ce: wa zai kayar da shi? Ba marubucin da ya dasa wannan tambaya. Shekaru ne suka tara ta.

Abin mamaki, mafi girman labarin da resilin ya taɓa samu ta wannan hanya ya zo. Undertaker, wanda yaran gidan kallo ke kira Andateka, wasu har suna rantsuwa cewa mutuwa yake yi ya tashi, ya ci wasansa na farko a WrestleMania a 1991. Ya ci na gaba, ya ci na gaba. Ba wanda ya tsara haka. Kowace shekara da dalilinta. Sai da abin ya kai wajen goma sannan aka farga cewa mutumin nan fa bai taɓa faɗuwa a wannan taro ba. Gyauro ke nan. Hikimar kamfanin WWE ita ce bai tuge shi ba. Ya yi masa huɗa, ya zuba masa taki, har ya zama kowace shekara wasan ya fi na kambu jan hankali. Ya kai 21 ba faɗuwa. Ranar 6 ga Afrilu, 2014, a New Orleans, da Brock Lesnar ya kayar da shi, zauren ya yi tsit, kyamara na bin fuskokin mutane baki buɗe. Shekara ashirin da uku ne suka yi wannan shirun.

A daren nan dai aka ga ɗaya fuskar. Kamfanin ya so Batista ya zama jarumin shekara. Jama'a suka ƙi. Tun daga watan Janairu suke ihun sunan wani ɗan ƙaramin mutum mai gemu, Daniel Bryan, har suna hana a ji abin da ake faɗa. Daga ƙarshe aka karya shirin, aka saka shi, ya yi wasa biyu a dare ɗaya ya fita da kambu. Shekara goma bayan haka aka maimaita: Roman Reigns ya riƙe kambu kwana 1,316, tun daga Agusta na 2020, ana gina Cody Rhodes a hankali don ya karɓe shi, sai a watan Fabrairu na 2024 aka yi yunƙurin ture Cody a saka The Rock. Masu kallo suka tayar da ƙura, cikin 'yan kwanaki aka janye. A wannan karon jama'a ne suka tsare binnen, suka hana mai gonar ya tone shi da hannunsa.

Wannan ne ya sa raba abin gida biyu, shiri a nan, ƙirƙirar nan take a can, bai cika gaskiya ba. Manomin Dawakin Tofa ko Minjibir ba ya zaɓar ɗaya. Gonarsa ƙarama ce, ba ta hutawa, taki yake ɗauko mata a kan jaki ko amalanke, don haka a kunya ɗaya zai sa gero mai nuna cikin wata uku, ya sa dawa mai kaiwa har sanyi, ya cusa wake a tsakani. Ya san abin da yake so ya kai rumbu, amma kullum da safe sai ya duba sama. In shuka ta ƙone ya sake. In wuri ya yi gibi ya yi dashe. Marubucin da ya iya aikinsa haka yake: ya san inda za shi nan da shekara, kuma kunnensa na wajen jama'a kowane dare. Wanda ya lalata WCW ba sauraron jama'a ya yi ba, raina su ya yi. Ya ɗauka ba sa tuna abin da suka gani makon jiya. Mai kallo kuwa, ko a Chicago yake ko a bencin gaba na gidan kallo a Kunchi, yana yafe wa labari kuskure, amma ba ya yafe a mayar da shi marar ƙwaƙwalwa.

Labarin da ya fi kusa da zuciyar masu kallo a wannan nahiya ya haɗa duka biyun, daɗin da ɗacin. Najeriya ta san resilin tun zamanin Power Mike, Michael Okpala, wanda a Kano ya fara nuna wasannin ƙarfi kafin ya yi suna, amma kafin 2019 ba a taɓa ganin haifaffen Afirka da babban kambun WWE ba. Kofi Kingston, haifaffen Kumasi a Ghana, ya shiga kamfanin, aka fara nuna shi a 2008 a matsayin mutumin Jamaika, don ana ganin hakan zai fi sayuwa. Shekara goma sha ɗaya yana wasa mai kyau, ba a taɓa sa shi a gaba ba. A watan Fabrairu na 2019 wani ɗan wasa, Mustafa Ali, ya ji rauni, aka rasa wanda zai cike gurbi, aka ce Kofi ya shiga. Wasan na bi-da-bi ne, in ka kayar da ɗaya wani ya shigo. Ya yi kusan awa guda a fage, ya kayar da mutum uku, har da mai riƙe da kambu a lokacin, wato Daniel Bryan ɗin nan. Jama'a suka miƙe tsaye. Abin da suke gani ba rubutu ba ne, shekara goma sha ɗaya ce ta haƙuri da kowa ya shaida da idonsa.

Kamfanin ya ji. Ya sauya shirinsa, ya riƙa jefa wa Kofi shinge mako bayan mako don ƙishin ya ƙaru, har ranar 7 ga Afrilu, 2019, a WrestleMania na 35, ya kayar da Bryan ya ɗaga kambu, 'ya'yansa suka hau fage, manyan mutane na kuka a cikin taro. Bayan 'yan makonni ya kai kambun Ghana, ya gaida shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, a Accra, ya gaida sarkin Asante, Asantehene, a Kumasi. Yaran da ke cewa shiri ne, su ma ranar ba su ce komai ba.

Ya riƙe shi kwana 180. Ranar 4 ga Oktoba, 2019, daren da shirin SmackDown ya koma tashar Fox, aka haɗa shi da Brock Lesnar a Los Angeles. Kofi ya yi tsalle ɗaya, Lesnar ya cafe shi a sama ya maka da ƙasa, alƙali ya ƙirga uku. Bai kai daƙiƙa goma ba. An yi haka ne don a samu lokacin shigo da Cain Velasquez, wani ɗan damben keji da ya taɓa doke Lesnar da gaske a 2010, a ba mutane mamaki. A ƙarshen wannan wata aka haɗa Lesnar da Velasquez a Riyad, Lesnar ya gama da shi cikin kimanin minti biyu, kuma a watan Afrilu na 2020 kamfanin ya sallami Velasquez. Kofi kuwa aka mayar da shi wasan bibbiyu da abokinsa Big E. Ba a ba shi damar ramawa a kan Lesnar ba, ba a ma bar shi ya tsaya a gaban jama'a ya nemi ramuwar ba.